Littafin Mai Sito

Ni ke riƙe da makullin sito,
Mutari ɗan Karkada,
shekara goma sha tara ina ƙirga ƙarfe a bayan filin jirgi.
Yaran Damagaram na ɗaga kai su ce ga mai saukar ungulu.
Su sun ga fiffike, ni na san hanji.

Biyu gare mu, ɗaya na tashi, ɗaya na kwance.
Ta kwancen muka sa wa suna Inna
don ita ke shayar da ƙanwarta.
Bara muka cire mata famfon mai,
da azumi agogo biyu na gaban matuƙi,
bayan salla ƙafar hagu.
Yanzu kan itace take tsaye,
kurciya ta yi sheƙa a inda bindiga take da.

An haife su a ƙasar da ruwa ke zama dutse,
tun Kaftin Kiyari da ke tuƙa su bai zo duniya ba.
Sun yi yaƙin wasu mutane tsakanin tsaunukan da ban iya faɗin sunansu.
Ƙarƙashin kujera akwai faci huɗu;
wanda ya ɗinke su ban san sunansa ba,
amma na san hannunsa, ba ya ha'inci.
Karce fentin da farce:
ga ƙasa-ƙasa tamu, ga kore na wani daji, can ƙasa toka.
Littafinsu kuwa ba boko ba ne, ba ajami ba,
wani bawan Allah ya bi gefe da fensir yana fassara,
ya gaji a shafi na ɗari biyu.

Yau wata biyar mai tashin ma ba ta tashi.
Kada ka zaci babban abu ne.
Zoben roba ne, bai kai awarwaron jaririya ba,
shi ke hana mai tsiyaya daga akwatin da ke juya fukafukai.
Na rubuta takarda, ta tafi Yamai,
daga Yamai ta bi teburi bakwai, ta haye teku.
Kwali ya iso ran Talata, muka taru kamar ana suna.
Na buɗe.
Bakwai ɗina ta zama ɗaya a hannun wani magatakarda.

Na sauka Kasuwar Dole da tsohon zoben a aljihu.
Alhaji Bra mai kayan kamiyo ya juya shi a tafi,
ya zaro irinsa cikin gwangwanin madara:
dala ɗari, don kai ne.
Na gwada, ya zauna daram kamar don shi aka yi.
Na tsaya da shi har inuwar jirgin ta koma gabas,
sannan na cire.
Mota in ta gaji gefen hanya take nema.
Sama ba ta da gefe.

Yayata Tsahara kowace Juma'a sai ta tare ni a zaure:
jirgin naku ya warke?
Ɗanta Iliya na can gabas, wajen tafki,
ya gaya mata in suka ji ƙarar nan a sama sai barci ya zo musu.
Ban gaya mata akwai waɗanda ƙarar ke hana wa barci ba,
kuma ba dukansu ke riƙe da bindiga ba.
Littafina shafi biyu gare shi, fita da shiga.
Bulon na fita ya dawo ko da ya lanƙwashe.
Harsashi shafi ɗaya ya sani.

Zoben Alhaji Bra na nan rataye cikin makullaina.
Dare ya yi, duwatsun Birni na sakin zafin rana,
kurciya ta shige cikin Inna.
Na sake rubuta lambar, na ja wa bakwai ɗin sanda a ciki,
na danna har biro ya huda takarda.