Kana Nan?

Ƙarfe biyun dare a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce yana nishi cikin dusar ƙanƙara,
shayi ya huce a gefen kwamfuta,
Radim bai runtsa ba.
Wani ƙorafi ya tsare shi da ido
kamar mai bin bashi a bakin ƙofa.

Ximena ce ta rubuto daga Valparaíso.
Mahaifinta ba ya gani.
Da abin kunne mara waya yake hira da ƙanwarsa.
Jiya minti tara ya yi
yana neman gafarar laifin shekara talatin,
ashe tun minti na biyu zaren ya tsinke.
Allo na nan kore shar, wai an haɗa.
Tsoho ya ji shiru,
ya ɗauka fushi ne.

Manhajar ta kowa ce, ƙofarta a buɗe,
ba mai albashi, ba mai gadi,
wanda ya ga ɓaraka shi ke ɗaukar allura.

Amma ta yaya za ka koya wa na'ura
bambancin shirun mai saurare
da shirun wanda ba ya nan?

Ya jefa abin kunnen cikin tukunyar ƙarfe, ya rufe.
Allo ya ce lafiya lau.
Ya sa shi a aljihu, ya sauka bene da silifas,
yana ƙirga matakala,
a ta arba'in da ɗaya kiɗa ya mutu.
Ya hau yana haki.
Allo ya ce lafiya lau.
Maƙaryaci, in ji Radim, a hankali,
don kada ya ta da maƙwabta.

Kafin asuba ya ɗinka faci, layi goma sha tara:
duk daƙiƙa biyu kwamfuta ta tambaya, kana nan?
In ta tambaya sau uku ba amsa,
kada ta yi kara, kada ta rufa asiri,
ta buɗe lasifika ta faɗa da murya:
an yanke, ba a jin ka.

Wani a Osaka ya ce daƙiƙa biyu za ta cinye batir.
Wata a Tartu ta ce ya manta waƙafi a layi na shida.
Aka yi kwana huɗu ana ja-in-ja,
aka tsaya a kan biyar.

Bayan mako Ximena ta sake rubutowa.
Ya kira ta, in ji ta,
sau ɗaya ya yanke, na'ura ta faɗa masa.
Gafarar dai bai maimaita ba,
tsadar kifi suka tattauna.

Radim ya rufe ƙorafin.
Daga kicin, can nesa kamar ƙarƙashin ruwa,
muryar Bohdana:
Radim, kana nan?
Karo na biyu ke nan, ga alama.
Ya zare abin daga kunnensa
kafin ta yi na uku.