Bayan Littafin Bashi

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta
abin da nake bin mutanen Jega.
Nomau, tiya biyu ta shinkafa.
Tumba, sabulu uku da ashana.
Hakilu mai faci ya ce sai Juma'a,
bai dai faɗi wace Juma'a ba.

Hannuna ya saba da canji fiye da musabaha.
Ko a sahu nake, rabin kaina yana shago.

Rannan 'yata Ige ta juya littafin,
ta buɗe shafin ƙarshe, fari fat,
ta ce, "Baba, kowa na ciki. Kai fa?"
Na yi dariya,
har na waiga in ga mai dariyar.

Daren nan barci ya yi mini rowa.
Na tambayi kaina: yaushe rabon
da in ci tuwo ban ƙona baki don sauri ba?
Yaushe rabon da in ga rana ta faɗi,
ba labarinta na ji wurin ladan ba?
Ashe babban mai taurin bashin garin nan
a rigata yake kwana.

Washegari bayan La'asar na sa kwaɗo.
Na gangara bakin gulbi da rake gaɓa huɗu.
Masu albasa na ban ruwa,
balbela na tsaye bisa saniya kamar ita ta saye ta.
Ban sayar da komai ba.
Kasuwa kuma ba ta mutu ba.

Yanzu littafin baki biyu gare shi.
Ta gaba, bashi. Ta baya kuwa:
Talata, ruwan randa bayan doguwar tafiya.
Laraba, Tumba ta biya,
ta ƙara mini da labarin akuyarta
da ta cinye takardar makarantar jikanta.
Alhamis, ba komai.
Na rubuta "ba komai", na kwana lafiya.

Hakilu har yau bai biya ba.
Jiya ya zo, muka haƙa gurbin dara ƙofar shago,
ya cinye ni sau uku yana tafa cinya.
Na ɗauki biro, ya sha jinin jikinsa.
Ta baya na buɗe.

Wata rana rubutun biyu za su haɗu a tsakiya.
Ige ta ce na baya ne zai riga isa.
Ni dai ban sa baki ba,
amma na fara ƙara girman haruffa.