Tsawon Zango

Ƙarfe bakwai na safe a Ayigya
na jingina waya da gwangwanin madara,
na ari allon ɗana, na goge bajimin sa da ya zana.
Suna sittin da huɗu ne a rajista.
Sha tara suka shigo,
kowa baƙin akwati, ba fuska, ko tari babu.

Na ɗaga kwalbar da na fito da ita a jaka
ranar da aka garƙame ƙofar jami'a.
Wannan tagulla ce cikin ruwa, na ce,
shuɗi mai sanyi,
kamar rigar makaranta da ta sha wanki.
Kun gani?
Zakaran gidan wani ya amsa daga Tamale.

Na ɗiga amoniya. Ta yi gajimare, ta washe,
shuɗin ya nutse, ya yi zurfi,
irin na rini da ya kwana uku a baba.
Tagullar dai ita ce, ba ta je ko'ina ba,
maƙwabta aka sauya mata.
Shida ne ke kewaye da ita.
In huɗu suka tashi wasu suka tare,
sai tazarar benenta ta ƙaru,
sai ta nemi wani hasken ta haɗiye.

Fuseina ta buɗe murya daga Aboabo,
ina jin tsuwwar mai da ƙosai a bayanta:
Malama, a wayata toka-toka nake gani.
Gilashin ya tsage tun azumi.

To, me zan ce?
Na'urar da ke auna haske tana can a kulle,
an lulluɓe ta da leda kamar kayan gado.
Baba Owusu mai wanke mana kwalabe,
wanda ba ya bari yatsa ya taɓa gefen da haske ke bi,
kwanansa tara ke nan a asibiti
ana auna masa numfashi da lamba.

Sai na zana tudun da hannu.
Nan ɗari takwas, na ce, ga ƙololuwa.
Amoniya ta zo, ya yi ƙaura zuwa ɗari shida.
Tsawon zango ake kiran wannan.
Na ji dariyar Sumaila:
Malama, mu da aka haifa a zango,
yau aka gaya mana tsawonsa.
Kafin in rama, katinsa ya ƙare.
Saura sha takwas.

Ku rubuta wannan, ko da gawayi ne:
launin da ido ke gani
saura ne, abin da aka bari ya wuce.
Wanda aka haɗiye ba ya fitowa fili,
sai an bi shi da awo.

Ban gama rufe baki ba aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Na zauna da kwalba a hannu,
rana ta ratsa ta, ta zuba shuɗi a tafina.

Da la'asar saƙo ya shigo.
Fuseina ce, ta jiƙa bula a kofin shayi,
ta ɗaga shi saitin taga, ta ɗauki hoto:
Malama, kamar haka?

Bai kai ba, na rubuta.
Na goge.
Na ce, ƙara kaɗan.