Ko Sisi

Na sayi ƙamus a gindin bedi, bakin babbar kasuwa,
bango ya tafi, gara ta cinye rabin gabatarwa.
Rabe ya ce jaka biyu, muka rabu a jaka da rantsuwa.
Ni da lakkwal ta shayar da Faransanci tun ina ɗan tatsitsi,
ga ni da dare, tocila a haƙori,
ina haƙar Ingilishi saboda jarrabawa.

Can cikin shafuka na tarar da wasu kalmomi
an kafa wa kowacce ɗan gicciye a ka,
kamar kabarin nasara a bayan gari.
Ƙamus ya ce waɗannan sun riga mu gidan gaskiya,
masu harshen sun daina kiransu tun da jimawa.

Na ɗora yatsa ina yi musu ta'aziyya,
ina furta su da kyar, harshe yana tuntuɓe.
Sai Inna Tsahara daga bakin murhu,
hannu dumu-dumu da tunkuza, ta ɗago kai:
"Wa ke kiran sisi a tsakar daren nan?"

Na ce Inna, ba sisi ba ne, Turanci ne.
Ta ce sake faɗi. Na sake. Ta yi dariya
har ƙuli-ƙuli ɗaya ya ƙone a mai.

"Wannan ai na riƙe shi a habar zane.
Shi da taro, da sule, da ahu, da nai,
kakanka Nomau ya shigo da su daga Jibiya
a bayan jaki, shekarar da gyaɗa ta yi daraja.
Kuɗin sun bi hannu sun tafi,
sunayen suka ce mu a nan za mu kwana."

Na koma shafi ina bincike kamar mai neman ɓatacciyar akuya.
Kanti, ashe can wurin cin abincin soja ne,
nan ya zama inda ake sayen sabulu da ashana.
Bariki can ɗakin kwana ne da fareti,
nan idan aka ce yaro ya shige ta, uwa ba ta barci.
Waya kuwa zaren ƙarfe ce kurum.
Yau ga ta a aljihuna, babu zare ko na gizo,
amma sunan ya ƙi sauka.

Wata Juma'a wani bature ya tsaya a rumfar Inna,
ɗan ƙasar masu ƙamus ɗin, da gashi kamar gemun masara.
Ya nemi ragi da yatsu.
Ta ce, "Ko sisi."
Ya juyo gare ni: me ta ce?
Na rasa yadda zan gaya masa
cewa kakarsa ce ta yi magana.

Jarrabawa dai ban ci ba.
Babu wanda ya tambaye ni mamata.
Amma na ɗauki fensir, shi ma baƙo ne da ya zauna,
na bi giccen nan ɗaya ɗaya,
inda na gane fuska sai in rubuta a gefe:
tana nan da ranta,
Maraɗi, unguwar Bagalam,
gida na uku bayan famfo,
a tambayi mai ƙuli-ƙuli.