Daƙiƙa Goma

Duk safiya in na ɗaga murfinta
sai ta tare ni da tambaya, kamar mai gadin ƙofa:
farin layi biyu a kan baƙin allo,
sama ko ƙasa?
Daƙiƙa goma take ba ni.
In na yi shiru ta zaɓa mini na sama,
na sama kuwa ba nawa ba ne.

Na Yaya Tasi'u ne.
Shi ya raba rumbunta biyu, wani daren Laraba
a Gadon Ƙaya, janareton maƙwabta yana tari.
Ya ce, ga Windo ɗinki, ki yi ta buga takardun ɗalibai,
ni ga Linuks, ɗakin gwauro,
kada wanda ya leƙa wa wani.
Ya goge shayin da ya ɗiga a madannai da bakin rigarsa.

Damina biyu ke nan da aka kai shi Dandolo.
An raba huluna, an sayar da babur,
ɗakinsa ɗan haya ya shiga har ya sake fenti.
Wannan ɗakin kaɗai ya rage a kulle.
Na gwada sunan Inna,
na gwada lambar babur, na gwada ranar haihuwarsa,
akwatin ya yi ta girgiza mini kai.

Nawa ɓangaren kuma ya cika maƙil,
kundin 'yan Bayero, babi na ɗaya zuwa na biyar,
babu wurin ajiye ko waƙafi.

Sai titin Bairut, hawa na biyu, shagon Lawandi,
warin dalma, fanka mai fiffike biyu.
Ya ce, Malama, aikin ba wuya,
amma abin da na share ya tafi ke nan.
Bari mu zaga ta taga mu ga me ya bari.
Ya soka filashi, ya kau da fuska,
ya turo mini ita.

Na zaci zan tarar da duniya.
Hotunan wani ɗaurin aure a Fagge, rabi duk sun yi dishi.
Darussan da bai ƙarasa ba.
Sai wata 'yar takarda, sunanta Bashi:
mai faci, ɗari bakwai, an biya;
mai shayi, an biya;
Bara'atu, dubu huɗu, kuɗin mai.
Gaban sunana babu komai.

Ni da na manta.
Na ce, na yafe.
Lawandi ya ce, na'am?
Na ce, ba da kai nake ba. Share.

Ba a ji ƙara ba.
Katangar da ya gina ta faɗi ba ƙura,
shuɗin layina ya miƙe ƙafa har ƙarshen rumbu
kamar wanda ya samu tabarma shi kaɗai.

Da aka sake kunnawa sai ta ƙi tashi.
Baƙi ƙirin, ɗan ɗigo yana ƙifta ido.
Gabana ya faɗi.
Lawandi ya ce, kwantar da hankalinki,
ai mai gadin ƙofar a ɗakinsa yake kwana,
mun rushe da shi.
Ashe duk shekarun nan
ta zaurensa nake bi in shiga nawa.

Ya yi rubutu layi uku, ya kafa sabuwar ƙofa,
ya karɓi dubu biyu, ya ƙi karɓar na ukun.
Na rungumo ta a adaidaita,
cunkoson Ƙofar Nasarawa bai dame ni ba.

Yanzu ba ta tambaya.
Ina dannawa take buɗe mini, kai tsaye,
fili fetal, ga wuri har na shekara.
Ɗalibai sun ce aiki ya yi sauri.
Sai dai yatsana bai samu labari ba:
kullum yana rataye a kan kibiyar ƙasa,
ni kuma ina ƙirgawa a zuci,
goma, tara, takwas,
kafin in ce bismillah.