Mai Yaɗe Mai

Ƙarfe biyun dare a Apapa,
tireloli sun yi barci a layi, ni ban yi ba.
Bututu na aman abin da masana'anta ta ci da rana:
ruwan wankin inji, baƙi, da ɗuminsa,
yana warin gas da tsatsa da sabulun da ya gaji.

Aikina in rage masa gudu.
Tankin siminti ne mai ɗaki uku.
A na farko yashi ke kwanciya,
a na biyu ruwa ya huce,
sai mai ya taso sannu a hankali
kamar maganar da aka daɗe ana dannewa.
Bel ɗin roba na juyawa, ya lashi fuskar ruwa
ya tofar a durom.
Inda bel bai kai ba, ludayina ya kai.

Inna Kande, da kin gan ni!
Haka kike duƙawa kan tunkuza a Gumel,
kina tarfa ruwan zafi, kina murzawa,
har gyaɗa ta saki abin da ta riƙe.
Naki a toya ƙosai.
Nawa ko kare ba ya shinshinawa.

Daren Talata sama ta ɓalle,
kwata ta cika ta tumbatsa.
Oga ya bugo waya, murya ƙasa-ƙasa:
"Sallau, buɗe na gefe, ruwan sama zai rufa mana asiri."
Na dubi famfon. Jan fenti, juyi huɗu kacal.
Sai na tuna Alani
da ke sayar min da kifi ƙarƙashin gadar Ijora,
yadda yake ɗaga kumatun kifi ya nuna min ja,
ya ce da guntuwar Hausarsa, "Lafiya lau, aboki."
Na ce, "Oga, famfon ya cije."
Na kashe waya.
Na yi ta kwalfa har kiran assalatu,
durom bakwai, kafaɗa kamar ta aro.

Da gari ya waye na ɗebo na ɗakin ƙarshe a kwalba,
na ɗaga shi saitin rana.
Bai kai a sha ba, ba zan yi ƙarya ba,
amma babu bakan gizo a samansa,
ta cikinsa ma na hango jirgi yana shiga tasha.

An yanke min kuɗin kwana biyu.
Ran Juma'a kifi ɗaya na saya, ba uku ba.