Mai Shafen Shuni a Shafshawan

Kafin ladan ya sauko daga hasumiya
Rahimo ta jiƙa farar ƙasa a tsohon bokiti,
ta zuba shuni, ta dama da reshen zaitun.

Bisa kanta duwatsu biyu sun yi cirko-cirko,
ƙahonni, in ji na da, har garin ya ci sunansu.
Ƙanƙarar hunturu ba ta gama narkewa ba,
tana sulalowa ta cikin dutse
ta ɓullo a Ra'asul Ma,
inda mata ke dukan barguna, sanyi na cizon yatsu.

Da hantsi baƙi suka iso,
suna haki a kan matakala, kowa da kyamara a wuya.
Wata ta jingina da ƙofar Rahimo, ta karkatar da kai,
mijin ya ɗauka, ya sake ɗauka.
Ko sallama babu.
Shunin kuwa bai bushe ba,
ya maƙale mata a kafaɗa, zai bi ta har ƙasarsu.

Mai yi musu jagora Lamfaddal ne, ɗan maƙwabta,
jiya-jiya aka yaye shi, yau harsuna huɗu a bakinsa.
Ya ce don korar sauro ake shafawa.
Makon jiya ya ce don a tuna da sama.
Rahimo ta gyara zanenta mai ratsin ja da fari,
ta haɗiye dariya. Ba wanda ya tambaye ta.

Da an tambaya, da ta nuna mabuɗi a jikin ƙusa,
na wani gida a Andalus
da kakan kakanta ya kulle, ya ce gobe zai dawo.
Da ta ce: ruwan sama na cin bango, ni ina mayarwa,
haka na tarar uwata na yi.

Sauran kuma ba na faɗa ba ne.
Ɗanta Ayashi na ƙetaren teku, shekara tara,
yana tsinkar tumatir, ba shi da takardar dawowa.
Kullum dare yakan bi hotunan baƙi a waya
yana neman ƙofa mai ɓauren tukunya a gefe.
In ya ga shafen sabo ne, ya san tsohuwa na kan ƙafarta.

Awaki sun gangaro, hazo ya rufe ƙahonnin.
Ta tsuguna bakin ƙofa za ta yi alwala,
ruwan ya zubo daga gwiwar hannunta
shuɗi.